Kada Ka Wanke Ta da Zafinta

Da yawa daga cikinku, masu bin wannan labari, kun rubuto kuna tambayata ko ina son Yazidu. Wata baiwar Allah daga Maraɗi har ta ce in daina kewaye-kewaye, in ce e ko a'a, domin megar wayarta tana ƙarewa. Ina neman afuwarta. Gaskiyar magana ita ce, tun ranar da aka fitar da mahaifina daga gidan nan a kan makara, wata goma sha huɗu ke nan, ban so kome ba, ban kuma ƙi kome ba. Idan an ajiye abinci ina ci. Ina zuwa shagon da nake buga wa mutane takardu kusa da mairi, ofishin magajin gari, in buga, in dawo. Ban yi kuka ranar rasuwar ba, mata suka yi ta yabon haƙurina, ni kuwa ban ga abin yabo ba, don ban ji abin da zan haƙura da shi ba.

Ga waɗanda yau suka fara karatu: sunana Zalika, shekarata ashirin da bakwai, 'yar marigayi Sa'idu makanike ce ta nan Gaya ta bakin iyaka. Baba bai samu ɗa namiji da ya damu da ƙarfe ba, saboda haka tun ina da shekara takwas, idan na taso daga lekol, wato makaranta, gareji nake wucewa. A can na koyi abubuwan da ba su da wani amfani ga mace mai neman miji.

Yazidu ɗan Yelu ne, shekararsa talatin da huɗu, wata biyar ke nan yana zuwa wurina. An gabatar mana da shi a matsayin taranziter, wato masu fitar wa 'yan kasuwa kaya daga hannun duwan, ma'aikatan kwastan, da takarda da hatimi. Litinin da Alhamis yake zuwa, bayan la'asar, cikin shadda mai sheƙi, a farar mota mai dogon baya wadda kullum take isowa tana ɗigar ruwa, tayoyinta baƙi wuluk kamar yau aka ɗaura su. Inna ba ta ce kome a kansa ba, domin tun da ta fita takaba ba ta cika cewa kome a kan kowa ba. Mai magana a gidanmu ita ce Gwaggo Kande, yayar mahaifina.

A gidanmu ba a yi wa mace tilas. Ana dai maimaita mata magana safe da yamma, har ta gaji ta ɗauka ra'ayinta ne.

“Ki dubi farcensa kawai, Zalika,” in ji Gwaggo. “Fari tas. Mutumin biro ke nan, mai zaman ofis. Mun ga baƙin mai a gidan nan iya gani. Ubanki, Allah Ya jiƙansa, ko ranar sallah hannunsa bai taɓa fita ba.”

“Amin, Gwaggo.”

“Kuma ba direba ba ne. Ki gode wa Allah a kan wannan ma kaɗai.”

Mijin Gwaggo direban hanyar Kotonu ne. Ya tafi kai albasa shekara ashirin da biyu da suka wuce, har yau bai gama saukewa ba. Tun daga lokacin, kalmar direba a bakinta ba sunan sana'a ba ce.

Ta sanar da ni cewa ranar Juma'a mai zuwa dattawan Yazidu za su taso daga Yelu su gaisa da Baffa Yakuba, wanda shi ne waliyyina, wanda kuma al'adarsa ce ya faɗi yau abin da Gwaggo ta faɗa jiya. Ana so in ba da amsata kafin ranar. Ta ƙara da doka ɗaya, wadda na riga na sani: in rufe bakina a kan ƙarfe. Shekara uku da suka wuce wani malamin lekol yana nemana, na ce masa, a gaban abokansa, farin hayaƙin da motarsa ke fitarwa ba na lafiya ba ne. Bai sake zuwa ba. Na ji an ce motar ma ba ta kai shi Doso ba, amma Gwaggo ta ce wannan ba shi ne abin dubawa ba.

Ranar Asabar aka yi sunan jikar wata ƙawar Gwaggo a Bana, Yazidu ya ce zai kai mu. Gwaggo ta sa leshinta ruwan goro, ta yi ɗaurin da sai da ta sunkuya sau biyu kafin ta shiga mota, ta zauna a baya ita kaɗai. Ni ta ce in zauna gaba, don mutane su gani. Na sa atamfa shuɗiya da mayafi ruwan toka, takalmin kuwa sabo ne yana cizona, sai na zare ƙafafuna na ajiye su tsirara a kan shimfiɗar motar.

Muka fita gari, muka hau gudron, titin kwalta. Damina ce, shinkafa ta yi kore a fadamu, giginya tsaye nesa-nesa. Ina kallonsu kamar yadda nake kallon takardar da ba tawa ba. Allurar gudu ta haura sittin, ta haura tamanin, ta kusa taɓa casa'in, mota tana tafiya lafiya lau. Can gaba wani amalanken jaki ya fito daga gona ya hau titi ba tare da ya shawarci kowa ba. Yazidu ya taka birki.

Sai motar ta kama rawa. Bolan, abin da mutanen ƙetaren Kamba ke kira sitiyari, ya riƙa kaɗawa hagu da dama a hannunsa har agogonsa yana ƙara. Rawar ta biyo ƙasan mota, ta shiga tafin ƙafata, ta hau ƙwaurina, ta tsaya a gwiwa. Da allura ta sauko hamsin, abin ya lafa. Mai jaki ya ɗaga mana hannu ya wuce.

Zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba. Wannan rawar ita ce abu na farko da na ji a jikina, ji na sosai, tun da aka binne Baba.

“Innalillahi! Yazidu, mene ne haka?” in ji Gwaggo, tana gyara ɗauri.

“Ba kome, Gwaggo. Taya ce take son a daidaita ta.”

Gwaggo ta ce, “Ai hanyar ce. Manyan motoci sun gama da ita. Mota kamar wannan me zai same ta?”

Ba taya ba ce, ba kuma hanya ba ce. Tayar da ba a daidaita ba tana rawa ko ka taka birki ko ba ka taka ba, da zarar gudu ya kai inda take so. Wannan kuwa lafiyarta ƙalau a casa'in, sai da ƙafa ta sauka a kan birki. Kuma a bolan take, ba a kujera ba, wato ciwon yana gaba. Haka Baba ya koya mini: ki fara tambayar yaushe, sannan ki tambayi a ina, kafin ki taɓa kule, wato sifana. Na buɗe baki. Ɗan yatsan Gwaggo ya biyo tsakanin kujera da ƙofa ya soke ni a haƙarƙari. Na rufe.

Washegari, Lahadi da hantsi, ina tsinkar zogale a tsakar gida, na ɗauki waya na rubuta masa: “Ina kwana. Motarka ba taya ba ce.”

Amsa ta zo nan take. “Lafiya lau, ranki ya daɗe. Yau kuma makanike aka zama?”

“Idan ba ka taka birki ba, tana rawa?”

“A'a.”

“Birkin yana harbin ƙafarka, yana dawowa sama kaɗan-kaɗan?”

“E. Wa ya gaya miki?”

“A cikin gari tana yi?”

“Ba ta yi. Sai na wuce tamanin. Kullum haka take mini, yanzu ma ta fara tun daga saba'in.”

Ya biyo da hoton fure da zuciya biyu. Na ajiye wayar a kan tabarma, na ci gaba da tsinkar zogale. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini: kullum. Yazidu ya gaya mana cewa daga gidan da yake haya zuwa biro tafiyar minti biyar ce. Duk wanda ya san Gaya ya san cewa tsakanin 'yan kabu-kabu da awaki da masu tura ruwa, wanda ya kai talatin a cikin gari ya yi abin a ba da labari. A ina mutumin biro yake samun tamanin kullum?

Litinin ya zo kamar yadda ya saba, shadda ruwan sararin sama, hula ta dace, turare ya riga shi shigowa zaure. Na fito da faranti, ruwan sanyi da lemun zaƙi, na bi ta gefen motar da gangan. Tana ɗigar ruwa. Na rage tafiya dab da tayar gaba. Zafi ya daki ƙafata kamar na gifta bakin murhu, ƙarfen ciki yana ta ƙas-ƙas, irin ƙarar da yake yi idan yana hucewa. Tafiyar minti biyar ba ta yin haka.

Muka zauna awa ɗaya. Ya yi maganar Juma'a, ya yi maganar ɗakin da zai sa a yi wa fenti. Na ce to. Da zai tafi na ce masa, “Gobe da safe ka kai ta garejin Baba. Zan zo.”

“Gobe ina da aiki, Zalika.”

“Na sani. Ka ɗauki hutu a biro.”

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce to.

Garejin yana nan gindin mangwaro inda Baba ya bar shi, a hannun abokin aikinsa na shekara talatin, Baba Sama'ila. Ban taka wurin ba tun rasuwar. Na gaya wa Gwaggo ina da takardu da yawa a shago. Kafin in fita na durƙusa na jawo wani ƙaramin akwati daga ƙarƙashin gadon Inna. Ta gan ni, ta ga akwatin, ta juya ta ci gaba da jan carbi.

“Fofo, 'yar Sa'idu!” in ji Baba Sama'ila, yana goge hannu da tsumma. “Yau patron ta tuna da ma'aikatanta? Na ɗauka kin zama ta masu fararen hannu.”

“Ina kwana, Baba.”

“Ga surukin namu tun ɗazu yana tsaye, yana tsoron zama kada benci ya ɓata masa shadda. Zauna, Alhajin biro, baƙin mai ba ya cizo.”

Yazidu ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. Na lura Baba Sama'ila ya ja kalmar biro fiye da tsawonta.

Na ɗaure mayafina a ƙugu, na zura tsohuwar rigar aikin Baba da ke rataye a ƙusa. Har yanzu tana warinsa. Na jira in ji wani abu, ban ji ba, sai na ce a ɗaga gaba.

Da kirik, wato jak, ya ɗaga motar, na kama tayar dama sama da ƙasa na girgiza. Ba ta yi motsi ba, wato rulman, boris ɗin da take juyawa a kai, lafiya. Na kama ta hagu da dama na girgiza, shiru. Na juya ta da hannu, na sa kunne. Shaf, shiru, shaf, shiru. Sau ɗaya a kowane zagaye wani abu yana gogar wani abu. Ta hagu ma haka, har ta fi.

Wajen kwance bulon taya, ƙusoshin da ke riƙe da ita, aka sha wahala. Sai da Baba Sama'ila ya zura dogon bututu a kule ya hau kai da ƙafa biyu.

“Kai, Yazidu, mai facin tayar da ya ɗaure maka wannan, kun taɓa faɗa ne? Ɗaya kamar an yi masa walda, na kusa da shi kuwa da yatsa na kwance.”

“Ai cewa na yi ya ɗaure da kyau.”

“Ya kuwa ji maganarka.”

Taya ta fita, faifan birki ya bayyana, wanda su Baba ke kira diski. Ga waɗanda ba su taɓa leƙawa ba: faifai ne na ƙarfe da ke juyawa tare da taya, idan an taka birki wasu ƙananan takalma biyu, falaket, su matse shi ta kowane gefe. Idan fuskarsa a miƙe take, mota ta tsaya salin-alin. Idan ta karkace, ko wani wuri ya fi wani kauri, takalman su riƙa kamawa suna saki. A tafiyar gari ba a ji. A tamanin, faifan yana zagayawa sau da yawa cikin ƙiftawar ido, sai kamun da sakin su zama rawa.

Wannan faifan yana da tabo shuɗi-shuɗi, alamar ya sha wuta. Na buɗe akwatin na fito da abin awon Baba, wanda yake kira agogo saboda kamarsu ɗaya. Na kafa shi, bakinsa yana taɓa fuskar faifan, na juya a hankali. Baba yakan ce idan karkacewar ta wuce kaurin silin gashi ɗaya, akwai magana. Allurar ta yi ta lilo, ta je ta dawo, ta ninka haka sau huɗu. Na auna kaurin faifan, na duba lambar da aka buga a gefensa. Ya riga ya sirance ƙasa da ita.

“Ba za a kai shi a fere ba, Baba. Babu abin da za a fere.”

“Haka ne. Sai sabo, duka biyun.”

Falaket ɗin ma sun cinye, na ciki ya fi na waje, domin ɗaya daga cikin sandunan da suke zamewa a kai ya bushe, ya yi tsatsa, babu ko ɗigon giris. Ruwa mai ƙarfi ne kaɗai ke wanke giris daga wurin nan.

Na miƙe na zagaya bayan motar, wai ina neman tsumma. Bayanta ya zauna ƙasa kamar na jakin da ya tsufa a aiki. A gefen rufin akwai wuraren da fenti ya goge, layi-layi, inda igiya ke bi. Na ɗaga shimfiɗar da ke kan tayar ajiya, na tarar da ƙwayoyin dawa da ɓawon albasa da ɗan kunne ɗaya na roba, irin na ƙananan yara mata. Masu wanki ba sa ɗaga nan.

Na dawo na tsaya gabansa.

“Kana wanke ta da zafinta?”

“Wani lokaci.”

“Litinin da Alhamis?”

Baba Sama'ila ya tuna cewa yana da shayi a wuta, ya tafi can ƙarshen rumfa, inda babu shayi, babu wuta.

“Yazidu, daga ina kake fitowa idan za ka zo wurina?”

Ya zauna a kan bencin da ya ƙi zama tun safe. Ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu.

“Daga Doso.”

Sauran ya fito a hankali, ba tare da na tambaya ba. Tun da aka rufe gadar kan iyaka aikin takarda ya mutu. Patron ɗinsu ya yi haƙuri wata takwas, sannan ya rufe biro ya koma garinsu. Abin da ya rage wa Yazidu motar nan ce. Bayan sallar asuba yake fita, ba ya shiga tasha don kada a gan shi, sai ya wuce gari yake ɗaukar mutane a bakin hanya. Ya kai Doso, ya cika, ya juyo. Ranar Litinin da Alhamis yana tsere da la'asar, yana taka mai, yana taka birki a kowane ƙauye da kowane shinge. Ya sauke na ƙarshe, ya gangara wurin masu wankin mota na bakin kogi, su sakar mata ruwa tana huci, shi kuma ya shiga bayan shagon wani abokinsa ya yi wanka, ya goge farce, ya sa shadda.

“Ranar da na fara zuwa, Gwaggo ta tambaye ni aikina, na faɗi wanda na sani. Na ce gada za ta buɗe kafin a kai ga wata magana. Daga baya na ji yadda take ambaton direbobi, sai na kasa.”

Ya kamata in yi fushi. Na san haka, domin na karanta labarai irin wannan, na san inda yarinya take jefar da faranti. Na duba cikina, babu kome. Abin da na iya tunawa kawai shi ne ɗan kunnen roba.

“Mutum nawa kake ɗauka?”

“Bakwai. Idan da yara, tara.”

“Tun yaushe take rawa?”

“Wata biyu.”

“Sun sani?”

“Ina ce musu taya ce.”

Wato ƙarfen ya sha wuta ne saboda ana gudu a zo wurina, ya sha ruwan sanyi saboda kada in ga jar ƙasa. Wata biyar ana ce mini ni ce sanyin idon wani. Ashe dai ni ce ciwon motarsa.

Baba Sama'ila ya hau babur ya je kasuwa ya dawo da faifai biyu da falaket. Na goge mazaunin faifan da burushin ƙarfe har ya yi haske, domin ƙwayar tsatsa ɗaya a ƙarƙashin sabon faifai ta isa ta karkata shi. Na wanke man da aka shafa wa sababbin, na ɗora, na sake kafa agogon Baba. Allurar ta ɗan motsa kamar mai numfashi cikin barci, ta tsaya. Na goge sandunan nan na shafa musu giris, na sa falaket. Da aka mayar da taya na karɓi kule mai awo daga hannun Baba Sama'ila, na ɗaure bulon ɗaya, na tsallaka na gabansa, na dawo, kowanne da ƙarfi ɗaya. Yazidu yana miƙo mini abin da na nema. Sau biyu ya miƙo wanda ba shi ba. Hannun shaddarsa ya yi baƙi, bai lura ba.

“Kafin ka motsa, taka birki har ya yi tauri,” na ce masa.

Muka fita gwaji, Baba Sama'ila a baya a matsayin shaida da kuma mai tsaron mutunci. Na sa shi ya kai sittin, ya sauko ashirin ba tare da ya tsaya ba, ya sake, har sau takwas, don sababbin su saba da juna. Muka yi tafiya kaɗan ba birki, suka huce. Sannan na zare takalmana na ajiye ƙafa a ƙasa.

“Kai ta casa'in.”

Ya kai.

“Taka.”

Motar ta sauko kamar an ɗora mata hannu a kafaɗa. Bolan bai motsa ba. Baba Sama'ila ya buga kujera ya ce, “Sa'idu bai mutu ba!” Yazidu ya yi dariya ta gaskiya, karo na farko a ranar. Ni kuwa tafin ƙafata shiru. Abu ɗaya da na ji cikin wata goma sha huɗu, da hannuna na gyara shi.

A ƙofar gareji, bayan Baba Sama'ila ya sauka, ya ce, “Zalika, Juma'a fa?”

“Sabon faifai ba ya son gudu da birki mai ƙarfi har sai ya yi kwanaki. Idan ka tsaya bayan doguwar tafiya, kada ka danne birki ka zauna a kai. Kuma kada ka wanke ta da zafinta.”

“Na ji. Amma Juma'a nake tambaya.”

“Ita nake amsawa. Jibi Alhamis, idan ka sauke na ƙarshe, ka zo kai tsaye. Kada ka bi ta bakin kogi, kada ka bi ta shagon abokinka. Gwaggo za ta kasance a gida, tana shirin baƙi.”

Ya kalli bolan.

“Za ta kore ni.”

“Mai yiwuwa ne.”

“Idan na kasa zuwa fa?”

“Sai ka gaya wa dattawanka kada su wahalar da kansu. Yelu ba kusa ba ce.”

Ranar Laraba bai aiko da saƙo ba, ban aika ba. Hoton furen nan na Lahadi shi ne na ƙarshe a wayata. Na buga takardun haihuwa goma sha ɗaya da wasiƙar wani dattijo da ke neman a gyara masa shekarunsa. Na wanke hannuna da toka da sabulu sau uku, baƙin bai fita daga gefen farce ba, sai na ƙara lalle a kai.

Alhamis Gwaggo ta zo tun azahar da mata biyu masu taya aiki. Aka share zaure, aka fito da darduma ta ɗakin Baba, aka jiƙa shinkafar masa ta gobe. Ta sa na canza kaya sau biyu, ta tsayar da ni a kan leshi fari da sarƙar Inna. Ta kama hannuna ta juya shi.

“Wannan lallen fa? Kamar na mai ɓoye wani abu.”

“Ya kama ne da yawa, Gwaggo.”

“To, amsarki?”

“Idan ya zo.”

Aka kira la'asar, aka idar. Inuwar katanga ta wuce randa, ta wuce turmi, ta kai bakin ɗakin Inna, inda ba ta taɓa kaiwa ba kafin ya iso. Gwaggo ta leƙa waje sau uku. Ta ce aikin biro haka yake, manyan mutane ba su da lokacin kansu. Na ce haka ne. Na zuba ruwa a kofuna, na jera su a faranti, na zauna da shi a cinya. Na lissafa a raina: mutumin da ya bi ta bakin kogi da gudunsa na da, da yanzu ya zo. Wanda ya fasa, ba zai zo ba. Wanda ya ji magana ya taho a hankali, zai makara. Biyun ƙarshe kamarsu ɗaya daga inda nake zaune.

Rana ta yi ja lokacin da na ji inji a bakin lungu. Ya matso, ya rage, ya tsaya a ƙofar gida ba ƙara, ba kuka. Na san aikin hannuna.

Na tashi da farantin, na tsaya cikin zaure bayan Gwaggo. Motar da ke waje ja ce da ƙura tun daga taya har gilashi, sai inda abin share ruwa ya buɗe rabin da'ira biyu. Igiya shuɗiya tana naɗe a rufi, ragar kaya tana lilo a baya, wani ya rubuta sunansa da yatsa a jikin ƙofa. Mutumin da ke ciki yana sanye da riga mai gajeren hannu, tawul a wuya.

Gwaggo ta ɗaga hannu tana kora.

“Malam direba, ba mu kira mota ba. Ka matsa gaba, muna jiran baƙo, nan wurin tsayawarsa ne.”

Ya kashe inji. Ya buɗe ƙofa, ya fito, ya cire tawul ɗin daga wuya, ya durƙusa a kan jar ƙasar da ta zubo daga takalminsa.

“Gwaggo, ina wuni. Ni ne.”

Gwaggo ta sauke hannunta. Sai na ji wata ƙara, siririya, kamar ta bolan a tamanin. Na duba motar, a kashe take. Na duba ƙasa. Kofunan da ke kan farantin ne suke bugun juna, ruwa yana zuba a kan farin leshina, kuma na kasa tsayar da hannuwana.